Direban jirgin tururi: a hagu ko a dama?

Masu sha'awar tsoffin jiragen ƙasa na tururi a Ingila sun shiga wani yayi na son a mai da kowane kan jirgi yadda ya fito daga masana'anta, fenti da lamba da komai. Fenti bai dame ni ba. Inda nake ja da su shi ne wurin tsayuwar direba.

A Ingila jirage hannun hagu suke bi, sigina ma galibi a hagu take. Tukunyar kan jirgi kuwa doguwa ce, tana tare gaba, sai direba ya leƙa ta gefe kafin ya ga hanya. Shi ya sa kamfanin LMS ya karkata ga ajiye direba a hagu, haka ma jiragen da British Railways ta fara ƙerawa a 1951. Kan jirgin Flying Scotsman da kansa, wanda aka ƙera a Doncaster a 1923 da tuƙi a dama, sai da aka mai da shi hagu a 1954. Duk mai son a koma da shi dama don a ce asali ne, hoto yake nema, ba lafiyar fasinja ba.

Amma fa kamfanin Great Western da ya nace wa dama ba wawa ba ne. Idan direba yana dama, fayaman, wato mai zuba kwal, yana hagu, nan ne kuwa mai aiki da hannun dama ke jin daɗin ɗebo kwal da shebur ya watsa cikin wuta ba tare da ya murɗe ƙugu ba. Mutumin da zai yini yana ɗaga kwal ai ya cancanci a tuna da shi. Kuma sun kafa siginoninsu daidai da idon direbansu, tun 1906 suka fara gwajin na'urar da ke faɗakar da shi a cikin ɗakin tuƙi. Amurka da Jamus ba su sha wannan gardama sosai ba: jirgi na bin dama, direba na dama.

Don haka jiragen ƙirar Great Western da suka rage, irin su Clun Castle, a bar su a dama, a dai horar da fayaman ya riƙa dubo wa direba sigina. Flying Scotsman kuwa a ƙyale shi a hagu.