Giwar First Bank ta gama magana

Ni dai a fagen tambarin kamfani na daɗe da yanke hukunci: babu kamar giwar First Bank. Mai ja ya kawo nasa mu jera su. Bankin nan tun 1894 yake, lokacin ana kiransa Bank of British West Africa, sai a 1979 ya koma First Bank of Nigeria. Amma dattijon da ya sayar da masararsa a kasuwar Bakori, ya shigo Funtua zai ajiye kuɗi, ba ruwansa da wannan dogon Turanci. "Kai ni mai giwa," shi ke nan, ɗan acaɓa ya gane. Tambarin da ya shiga bakin mutanen da ba su taɓa karanta sunan kamfanin ba, wallahi ya gama aikinsa.

A farkon 2014, da bankin ya cika shekara 120, aka sake wa giwar fasali. Kai, masha Allah! An yi aiki. Ba su kore ta don a ce sun waye ba, gyara ta suka yi. Ta ɗaga kai, ta ɗaga ƙafar gaba za ta taka, an haɗa shuɗi mai duhu da ruwan zinare, an share duk wani tarkacen da ido ba ya buƙata. Ka tsaya ka dubi ƙafar nan da kyau. Giwa dabba ce mai nauyi, ba ta gaggawa, kuma abin da mai ajiya yake so ya ji game da inda kuɗinsa suke kwana ke nan. Amma da ɗaga ƙafa ɗaya tak, mai zanen ya ce maka nauyin bai hana ta tafiya ba. Sau da yawa ina ganinta a jikin katin cirar kuɗi a hannun mai POS, 'yar mitsitsiya, ba ta kai faɗin farce biyu ba, amma haurenta da hancinta raɗau. A saman ginin banki ma ita ce, ba ta ragu ba, ba ta ƙaru ba. Wannan ita ce gwaninta.

Abin da ya ƙara burge ni, sun riga mutane da yawa hango inda duniya ta dosa. Yau tambari ba a allo kawai yake zaune ba, yana cikin waya, a ɗan ƙaramin akwatin manhaja ko hoton WhatsApp. Duk zanen da ya cika kwalliya, da ya ƙanƙance sai ya dagule. Shi ya sa manyan kamfanoni suke ta rage kaya. A Fabrairun 2022 MTN ta mayar da nata zobe ɗaya mai siffar ƙwai da baƙaƙe uku a ciki, baƙi a kan rawaya, ya yi tsaf abin sha'awa. Peugeot, wadda aka fara harhaɗa motocinta a Kaduna tun 1975, ta koma kan zaki kaɗai cikin garkuwa a 2021. Union Bank ma ta gyara dokinta a 2015 ba tare da ta sauka daga kansa ba. Wanda ya ba ni takaici shi ne Twitter, da aka cire ɗan tsuntsun nan a Yulin 2023 aka sa X. Tsuntsun da duniya ta sani, aka yar da shi dare ɗaya.

To mu dawo gida, don a nan maganar ta fi daɗi. Mu a Tsiga da kewaye mun fi kowa sanin darajar alama, ko da ba mu zauna mun yi mata suna ba. Shiga shagon mai sayar da taki gab da faɗuwar damina. Buhunan kamfa da yuriya an jera su har rufi, manomi ya shigo da kuɗin da ya tara tun kaka, ba ya karanta lambobin da ke jikin buhu, yatsa yake miƙawa: wancan, irin na bara. Mikiyar Dangote da ya saba gani a buhun siminti da sukari da gishiri, ita ce ya tarar a buhun yuriya, kuma masana'antar takin ma sai a Maris 2022 aka ƙaddamar da ita a Lekki, amma amanar tsuntsun ta riga takin isowa. Uwar gida ta aiki yaro ya sayo Maggi mai tauraro. Tambari kamar tsagar gado yake a fuska, tun daga nesa an san ɗan gidan wane ne. Inda jabun taki da jabun maganin feshi suke cinye wa mutum damina guda, wannan sanayya ba ƙaramin abu ba ce.

Shi ya sa nake jin daɗi idan na ga matasanmu a Funtua da Malumfashi sun duƙufa kan zane da waya da kwamfuta, suna yi wa masu casar shinkafa, masu man gyaɗa, masu ɗinki da mata masu turaren wuta tambari. Hannunsu yana faɗawa, kuma sana'a ce ta gaske. Abin da nake roƙonsu kawai, su riƙa kallon giwar nan kafin su fara. Mai kaya zai zo ya ce a sa masa masara, a sa tarakta, a sa taswirar duniya, a ƙara lambar waya uku. A lallashe shi ya zaɓi abu ɗaya. Buhun leda ba ya ɗaukar ƙananan zane, tawada ɗaya ko biyu ake buga masa, ga rana, ga ƙura, ga jan da 'yan dako za su yi masa. Idan tambari bai fito da baƙar tawada kaɗai ba, bai nuna ba tukuna. Su kuma manhajoji irin Canva da masu zane da ƙirƙirarriyar basira, taimako ne, amma ganyen nan kore da suke ba kowa ya sa shaguna goma sun zama ɗaya.

Na san akwai 'yan kasuwar da ba sa son hoton abu mai rai a kayansu saboda addini, kuma wannan abin girmamawa ne. Ba a rasa mafita ba. Ga zangarniyar dawa, ga goyon masara, ga audugar da ta ɗaga sunan Funtua, ga rumbu, ga garma. Dagin Arewa ma yana da kyau ƙwarai, sai dai ya zama na kowa, ba zai bambanta ka da maƙwabcinka ba sai ka yi masa wata dabara taka. Harafin ajami ɗaya da aka zana da kyau ma ya isa tambari, kuma tsofaffinmu za su karanta shi kafin na boko.

Kada wani ya ce abin na masu kuɗi ne. Alamar Nike da ke jikin takalman 'yan ƙwallo, wata ɗaliba ce mai suna Carolyn Davidson ta zana ta a 1971, aka biya ta dala 35. Kuma tun da aka buɗe tashar tsandauri ta Funtua a Mayun 2024, waken suya da sauran amfanin gonarmu suna da ƙofar fita waje a kusa da gida, bai kamata su riƙa tafiya a buhun da ba shi da shaida ba.

'Yan kasuwar Tsiga, Bakori da Kakumi, ku nemi mai zane ku biya shi haƙƙinsa. Ku yi rajistar sunan a CAC, shi kuma tambarin ku kai shi ofishin rajistar alamun kasuwanci a Abuja, don rajistar suna kaɗai ba ta kare zane. Kafin a buga buhu ko ɗaya, ku nuna wa yaro ɗan shekara bakwai zanen, ku tambaye shi mai mene ne wannan. In ya amsa nan take, a buga.