Alkawarin Dodo da Cinikin Kyubey

A 2011 kamfanin Shaft na Japan ya fitar da fim ɗin zane mai kashi 12, Madoka Magica, wanda Gen Urobuchi ya rubuta labarinsa. Yana cikin jerin finafinan 'yan mata masu ƙarfin sihiri, salon da ya faro da Sally a 1966, Sailor Moon kuma ta yaɗa shi duniya daga 1992. Galibi a irinsu yarinya kan samu baiwa, ta kori mugu, ta koma aji. Urobuchi sai ya mayar da baiwar ciniki. Wata farar halitta mai kama da kyanwa, Kyubey, takan ce wa yarinya ta faɗi buri ɗaya a cika mata, ita kuma ta yi ta yaƙar mayu. Ba ta gaya mata za a zare ranta a zuba cikin wani ɗan dutse ba, balle cewa ranar da baƙin ciki ya dusashe dutsen, ita ce za ta rikiɗa mayya.

Ɗaya daga cikin 'yan matan, Sayaka, ta kashe nata burin wajen warkar da hannun wani yaro mai kaɗa goge. Yaron bai san ta yi ba, ya karkata ga ƙawarta Hitomi, ita kuwa ta lalace. Har yau masu kallo na musu: sadaukarwa ta yi, ko tukuici take jira?

Bazamfare zai iya cewa wannan shirme ne na sihiri, kuma ba a ga laifinsa ba. Amma duk wanda ya kwana gaban kaka a Tsafe ko Bunguɗu ya san irin wannan musu tun kafin zuwan waya. Akwai tatsuniyoyin da ba su ƙarewa da hukunci, sai da tambaya. Samari uku sun ceci budurwa ɗaya, kowa da irin baiwarsa, to wa ya cancanci aurenta? Mai ba da labari ta ce ƙurunƙus kan kusu, yara su kaure da gardama har barci ya raba. William Bascom ya tattara ire-irensu daga sassan Afirka a littafinsa na 1975. Tun kafin shi Frank Edgar ya buga kundi uku na tatsuniyoyin Hausa tsakanin 1911 da 1913, da yawansu daga lardin Sakkwato, wanda Zamfara ke cikinsa a lokacin.

Sai dai yarinyar tatsuniya ba kasafai ake ba ta zaɓi mai wuya ba. A Daskin-da-Riɗi, wadda ta yarda ta cuɗa wa tsohuwa baya ita ta samu sunan saurayi. A Ruwan Bagaja, 'yar bora ta yi ladabi ta dawo da dukiya, 'yar mowa ta yi rashin kunya ta kwashi wahala. Hanya a share take, darasin biyayya ne kawai.

Inda abin ya yi nauyi shi ne labarin Dodo. Ruwa ya cika kogi, ko kaya sun gagari ɗauka, sai uba ko uwa su yi wa Dodo alkawarin 'yarsu in ya fisshe su. Ya fisshe su. Shekaru suka wuce, yarinya ta isa aure, Dodo ya zo ƙofar gida. A nan akwai abu biyu da Bahaushe bai yarda a taɓa ba, alkawari da ɗiya, kuma dole ɗaya ya faɗi. Bambancinsa da Madoka ba ƙarami ba ne: can yarinya ce ta ƙulla da bakinta, nan kuwa an ƙulla a kanta ba ta nan.

Ɗalibin zaure a Gusau da ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid ba zai daɗe kan batun Kyubey ba. Ɓoye aibin haja algus ne, kuma kariyar da halittar ke kawowa, wai ba a tambaye ta ba, ba ta wanke mai sayarwa. Wannan ma'auni ya fi yawancin gardamar intanet kaifi, domin ya ɗauke tuhuma daga kan Sayaka ya ɗora ta kan wanda ya san gaskiya ya yi shiru. Da za a auna uban tatsuniya da shi, sai a tambaya ko alkawarin da aka karɓa daga mutumin da ruwa ke shirin ci alkawari ne, da kuma ko yana da ikon jinginar da abin da ba mallakinsa ba.

Tatsuniya takan zame wa wannan tambaya. Dodo ya mutu, yarinya ta kuɓuta, babu mai tsayar da uban. Jihar da aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a Fabrairun 2021, aka kuma sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida ta Bunguɗu a Satumban 2023, ba ta da wannan sauƙin. Iyaye a nan sun zauna da gaske suna auna sayar da gona da biyan fansar da suka san za ta sayi wani makami, kuma 'ya'yan da ake yanke shawarar a kansu suna daji, ba mai jin ta bakinsu.