Jarumin da ya tsaya neman izini a bakin iyaka

Kwanakin baya na raka ɗan ƙanwata shagon masu tura fina-finai a waya da ke bakin titinmu. Shekararsa 13. Yaron shagon bai ma tambaye shi abin da yake so ba, ya juyo masa da fuskar kwamfuta yana jerowa: wannan akwai wuta, wannan jarumin shi kaɗai ya tashi gari guda, wannan daga farko har ƙarshe ba a ajiye adda ba. Su KGF ne da Pushpa da danginsu, duk an fassara su da Hausa. Na ce, "Samari, ba ka da wanda za a yi dariya, a zauna da yara a tsakar gida a kalla?" Ya ɗan yi jim, ya ce, "Akwai, yallaɓai, sai dai ba a cika nema ba." Maganar ta tsaya mini a rai. Na sa ya tura mana Bajrangi Bhaijaan, ɗan ƙanwata yana tura baki yana cewa, "Kawu, wannan ai tsohon fim ne."

Gaskiyarsa, tsoho ne. A watan Yulin 2015 ya fito, daidai ƙaramar sallah. Kabir Khan ne ya ba da umarni, labarin kuma na V. Vijayendra Prasad ne, mutumin da ya rubuta labarin Baahubali, abin da ke nuna cewa wanda ya iya tsara yaƙi ya iya tsara tausayi idan ya so. Ni dai ina ganin irin wannan fim, na barkwanci da doguwar tafiya da taushin zuciya, ya fi fim ɗin sara da suka wuyar yi, kuma mun yi asara da muka bari kasuwa ta tura shi can ƙarshen jeri.

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Shahida yarinya ce 'yar shekara 6 daga wani ƙauye a ɓangaren Kashmir da ke hannun Pakistan, ba ta magana. Uwarta ta kai ta Delhi, hubbaren Nizamuddin Auliya, neman Allah Ya buɗe bakinta. A hanyar komawa jirgin ƙasa ya tsaya cikin dare, yarinya ta hango ɗan tunkiya ya maƙale, ta sauka ta cece shi, jirgi ya tashi da uwar tana barci. Kafin a farga an tsallake iyaka, uwa na can, 'ya na nan. Ta faɗa hannun Pawan, wanda Salman Khan ya fito a matsayinsa: Bahindu mai tsananin riƙo da addininsa, wanda ya faɗi jarrabawa sau 10, wanda ko biri ya gani sai ya haɗa hannu ya rusuna, kuma ya ɗauki alkawarin ba zai taɓa yin ƙarya ba.

Inda fim ɗin ya fara kama ni shi ne yadda ya yi amfani da dariya wajen tona abin da ke cikin zuciyar mutumin kirki. Pawan ya ga yarinyar fara ce, sai ya yanke cewa 'yar Brahmin ce, wato ajin malaman addininsu. Aka neme ta aka rasa, sai ga ta gidan maƙwabta Musulmi tana yagar cinyar kaza. Ya yi ta maza ya ce to, ai 'yar ajin mayaƙa ce, su suna cin nama. Sannan ya tarar da ita ta yafa mayafi ta ɗaga hannu tana addu'a irin ta Musulmi. Daga ƙarshe, ana kallon wasan kurket a talabijin, Pakistan ta ci Indiya, gida ya yi tsit, ita kuwa ta miƙe tana rawa har da sumbatar tutar Pakistan a jikin gilashin. Kowane mataki abin dariya ne, kuma a kowane mataki ana cire wa Pawan wata hujja da ya rataya taimakonsa a kanta. Da aka cire su duka, abin da ya rage masa shi ne yarinya ce da ta ɓace wa uwarta. Mu a nan muna cewa ɗa na kowa ne, amma da za a gwada mu irin wannan gwaji, ban san mu nawa za mu kai ƙarshe ba. Da wa'azi aka zo wa mai kallo da wannan, da ya gyara zama ya kare kansa. Da yake yana cikin dariya ne, sai maganar ta shige shi bai shirya ba.

Sai kuma wurin da ba na gajiya da kallonsa. Pawan ya ƙudura mayar da yarinyar ga uwarta da kansa. Ba fasfo, ba biza, wani ɗan fasa-ƙwauri mai suna Boo Ali ya bi da su ta ramin da aka haƙa a ƙarƙashin shingen waya, suka ɓulla cikin hamadar Pakistan. Ɗan fasa-ƙwauri ya ce su ruga kafin masu sintiri su iso. Pawan ya ce shi ba ɓarawo ba ne, sai ya nemi izini. Ya tsaya ƙyam a cikin rairayi, yarinya a gefensa, har sojoji suka iso a kan raƙuma. Suka kore shi, ya sake ɓullowa. Suka lakaɗa masa duka, ya tashi yana maimaita buƙatarsa, har babbansu ya rasa yadda zai yi da shi ya ce ya wuce. Salman Khan ne fa, mai ƙirar da a wani fim ɗin da ya watsa su duka cikin minti ɗaya. Nan ya bari aka doke shi don kada ya shiga ƙasar mutane ta ɓarauniyar hanya. Na dubi ɗan ƙanwata a daidai nan. Da farko ƙyalƙyala dariya yake yana cewa, "Kai, wannan wawa ne!" Da aka fara dukan sai dariyar ta ɗauke, ya matso da wayar kusa da fuskarsa.

Wannan ce jarumtar da nake jin ana neman mantawa da ita a allonmu. Yaron da ya shekara yana kallon mutum ɗaya yana karkashe ɗari, ana masa kiɗa a baya, me zai ɗauka namiji yake nufi? Ba na cewa fim ne ke haifar da daba, dalilanta sun fi haka yawa da zurfi. Amma abin da ido ya saba gani shi zuciya ke ɗauka daidai, kuma unguwanninmu ba su rasa samari masu adda a ƙugu ba.

Tafiyar ita ma tana da aikinta. A irin wannan fim hanya ce ke haɗa jarumi da mutanen da aka koya masa tsoro. Indiya da Pakistan sun rabu a 1947, sun gwabza yaƙi a 1965 da 1971, sun sake a Kargil a 1999, kuma fina-finan Indiya da yawa sun ci abinci da wannan gaba. A nan kuwa wa Pawan ya tarar a can? Kwandastan bas da fasinjoji da suka ɓoye shi daga 'yan sanda. Ɗan jarida mai neman labarin da zai fito da shi, Chand Nawab, wanda Nawazuddin Siddiqui ya taka har ya kusa ƙwace fim ɗin. Da wani limami da marigayi Om Puri ya fito a matsayinsa, wanda ya ga Pawan yana ɗari-ɗarin shiga masallaci don shi ba Musulmi ba ne, ya nuna masa cewa ƙofar a buɗe take ga kowa, sannan ya fitar da su daga garin cikin burƙa. Kuma abin ba tatsuniya ce zalla ba: a watan Oktoban shekarar da fim ɗin ya fito aka mayar da wata Ba'indiya mai suna Geeta, kurma kuma bebiya, ƙasarta, bayan ta yi sama da shekara 10 a hannun gidauniyar Edhi a Pakistan.

Ba zan ɓoye aibinsa ba. Ya yi tsawo, ya haura awa biyu da rabi, kuma soyayyar Pawan da Rasika, wadda Kareena Kapoor ta fito a matsayinta, ba ta da wani nauyi. Taron jama'ar da ya tilasta buɗe iyaka a ƙarshe ya fi kama da fata fiye da abin da ke faruwa a duniya. Akwai kuma wuraren bauta da ziyarar hubbare da iyaye da yawa a cikinmu za su so su zauna kusa da yaro su yi masa bayani, ni ma na yi. Duk da haka na fi son in yi wa yaro bayanin addinin wani da in yi masa bayanin dalilin da ya sa ake tafa wa mai yanka mutane.

Masu shirya fina-finanmu na Hausa sun daɗe suna ɗaukar rawa da waƙa daga Indiya. Irin wannan labari ne na so su ɗauka. Muna da masu ban dariya na gaske, marigayi Rabilu Musa Ibro ya nuna haka shekara da shekaru, sai dai galibi barkwancinmu a tsakar gida ɗaya yake farawa ya ƙare, kuma dariyar a kan wani ake yin ta. Ga tashoshin mota, ga hanyar Kano zuwa Maraɗi ta Jibiya, ga yaran da ke ɓacewa a kasuwa ana cigiyarsu a rediyo. Labarin yana nan a ƙofar gida, mai ɗauka ake jira.

A ƙarshen fim ɗin, Pawan yana tsallaka ruwa zai koma ƙasarsa, jikinsa duk rauni, yarinyar da ba ta taɓa furta kalma ba tana ta ƙoƙari daga bayan shinge, har murya ta fito ta ƙwala masa kira: "Mama!" Ɗan ƙanwata ya juyo, idonsa ya yi ja, ya ce, "Me ya sa take ce masa mama, alhali namiji ne?" Na ce masa a harshen Hindi, mama shi ne ɗan'uwan uwa, wato kawu. Ya yi shiru yana kallona. Can ya ce, "Kawu, mayar da shi wajen ramin nan, inda ya ƙi guduwa."