Hausar Waya da Masu Yi Mata Makoki

Da wuya a yi taro a kan makomar Hausa a tashi ba wani ya miƙe ya ɗora wa wayar salula laifi ba. Ƙorafin ɗaya ne kullum: yara sun daina raba kalmomi, suna rubuta "yace" da "dashi" a haɗe, "zan" ta koma "xan", "lafiya" ta zama "lfy", ga Turanci da suke cusawa har aka raɗa wa abin suna Ingausa. Daga nan sai a ce wannan ɓarnar ce ta biyo su aji ta lalata musu insha'i. Batun raba kalmomi gaskiya ne, kuma malami mai himma zai gyara shi cikin zango ɗaya. Sauran zancen kuwa an bar jaki ne ana dukan taiki.

Ƙa'idojin da ake kuka a kansu ba su daɗe ba. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da nasa a 1912. Haruffa masu lanƙwasa sun samu gindin zama a shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke jagorantar aikin talifi a Zariya. Hukumar Harshen Hausa ta zo a 1955, aka yi taron Bamako a 1966, aka yi na Yamai a 1980, amma har gobe Nijar na rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y. Shi kansa makokin ba sabo ba ne. Haka aka yi wa littattafan da aka kira Adabin Kasuwar Kano a shekarun 1990, lokacin da Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu suka yi ta fafatawa a jaridu. Littattafan nan da aka raina su suka saba wa matan aure da 'yan mata da karatun boko a cikin gida.

Da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, saƙo ɗaya ba ya wuce harafi 160, kowane saƙo da kuɗinsa, madannan kuma babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Wanda ya rubuta "qasa" don kada a karanta "kasa" ya ji bambancin sautin ne har ya nemo masa mafita. Jaridar da ta buga duka biyun da k ba wanda ya ce ta kashe Hausa. Su "slm" da "wlh" kuwa ba baƙi ba ne ga idon da ya saba ganin Larabci ba wasali.

Abin da ya fi ɗauke mini hankali a rubutun waya ba harafi ba ne. Ƙananan kalmomin nan ne da ake yi wa laƙabi da gishirin Hausa: fa, dai, kam, ma, kuwa, kuma, da 'yan rakiyarsu irin su ai da mana. Paul Newman ya ba su kulawa ta musamman a babban littafinsa na nahawun Hausa na 2000, kuma duk wanda ya taɓa ƙoƙarin ba su ma'ana ɗaya tak ya san ba sa tsayawa. A cire su jimla ba ta karyewa, sai dai mai maganar ya ɓace daga cikinta.

Ga irin hirar da kowa ya saba gani a zauren dangi na WhatsApp idan biki ya matso. Ƙanwa ta rubuta wa yayarta: "Yaya, kuɗin ankon dai ba a gama haɗawa ba." Kuɗi take nema, amma ba ta ce a ba ta ba. Wannan "dai" ta keɓe anko daga sauran hidimomi, kamar tana cewa komai ya kammala sai wannan kaɗai, ta kuma sassauta murya yadda ƙarama ba za ta zama mai karɓar bashi a gaban babba ba. Da ta matsar da ita ta ce "ba a dai gama haɗawa ba", da zancen ya koma ba da haƙuri, wato ana kan hanya. Kalma ɗaya ce, mazauninta kawai aka sauya.

Sai wata 'yar'uwa ta faɗo: "Ni kam na ba da nawa tun jiya." Nan "kam" ta ja layi tsakaninta da sauran. Ta wanke kanta, ta kuma nuna wasu da baki ba tare da ta ambaci suna ba, kowa a zauren ya ji zungurin. Yayar ta amsa: "Ke ma ai kin san halin da ake ciki." Da "ma" ta jawo ƙanwar cikin sahun waɗanda suka san matsin, da "ai" ta mayar da uzurin abin da ba a musu a kansa, don haka wanda ya ƙara tambaya shi ne mara kara. Ƙanwar ba ta ja da ita ba, ta ce: "Haka ne Yaya. Ranar Asabar ne fa." Ladabi ya cika, amma "fa" ɗin gargaɗi ce tsantsa. An nemi kuɗi, an yi habaici, an kawo uzuri, an sa wa'adi, ba wanda ya ɗaga murya, kuma duk nauyin yana kan kalmomin da ba su wuce harafi uku ba.

Boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Mai rubutun waya ya ji wannan giɓin, shi ya sa yake jan "toooh" idan bai gamsu ba, ya bar "to" gajere idan ya amince. Masu gyara suna kiran wannan kuskure. Ni ina ganin kunne ne yake aiki.

Yanzu a ɗauko takardar da ƙanwar nan za ta miƙa a aji. Za ta fara da cewa a wannan takarda za a yi ƙoƙarin yin duba a kan irin muhimmiyar rawar da iyaye suke takawa ta fuskar tarbiyya. Za a sami "wanda yake" da "a matsayin" da "ta hanyar" jere da juna, kowace jimla ta yi layi huɗu, ba a san mai magana ba, ba a san wanda ake yi wa ba. An raba kalmomi daidai, an sa lanƙwasa inda ya dace, amma ƙashin jimlar na Turanci ne aka lulluɓe da kalmomin Hausa. Gishirin kuwa babu ko ƙwaya, don an koya mata cewa "dai" da "kam" maganar tsakar gida ce, ba ta ilimi ba. Wannan cutar ba daga waya ta zo ba. Daga fassarar labarai ta zo, da kundayen digiri da ake kwaikwayon na baya, da malaman da suka yi tunanin darasin da Turanci kafin su faɗe shi da Hausa. Masu cewa Ingausa ce babbar barazana suna kallon kalmar aro da ke tsaye a fili, alhali Hausa ta haɗiye "mota" da "asibiti" ba ta shaƙe ba. Aron ginin jimla shi ne ba a gani.

Wanda ya buɗe Magana Jari Ce ya saurari yadda aku da sarki da fadawa suke zance zai tarar Abubakar Imam bai ji kunyar waɗannan kalmomi ba ko kaɗan, da su yake bambanta muryar mai wayo da ta wawa. A wannan fanni saƙon ƙanwar nan ya fi takardarta ta aji kusa da Imam. Da ni ke koyar da insha'i, da hirar anko zan fara rubutawa a allo, in goge "dai" da "kam" da "fa", in ce wa 'yan aji su gaya mini wa ya ji haushi, wa ya yi habaici, wa ake bi kuɗi. Raba "ya" da "ce" sai mako na biyu.