Fim ɗin shugaba da albarkar shugaba

A 2021 aka fitar da Badamasi, fim ɗin da Obi Emelonye ya shirya kan rayuwar Janar Ibrahim Babangida, inda Enyinna Nwigwe ya fito a matsayin janar ɗin. Wani zai tsaya kan cewa Ibo ne ya sa rigar mutumin Minna, amma ai aikin ɗan wasa ke nan. Matsalar tana bayan fage: da yardar Babangida aka yi fim ɗin, an kuma zauna da shi an ji ta bakinsa. Fim ɗin da mai labarin ya sa wa albarka zai kalli soke zaɓen 12 ga Yunin 1993 ne daga cikin fada, inda kullum mai yanke hukunci yake zama bawan Allah da aka matsa wa lamba.

Alhali mulkin nan ya bar sawu a wuraren da irin wannan kyamara ba ta leƙawa. Buhari ya rufe iyakoki a 1984, Babangida ya buɗe su a 1986, a shekarar kuma aka karya darajar naira. Dillalin da ke cikin kara ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, yana sasanta Buzu mai raƙumi da mai saye daga Kudu, da ɗan canjin da ke riƙe da sefa a hannu ɗaya naira a ɗaya, su suka san abin da waɗannan matakai suka haifar. A 1991 kuma Babangida ne ya ƙirƙiro Jigawa, masarautar Gumel, inda Maigatari take, ta koma kallon Dutse maimakon Kano. Mai kyau da marar kyau duk suna nan, ba sai an nemi izinin kowa ba.

Za a ce in babu yardar mai labari, babu kuɗi, babu takardu, ga barazanar kotu, ga hukumar tace finafinai a Kano. Gaskiya ne, shi ya sa Kannywood ta fi sakewa da soyayya. Sai dai Izu Ojukwu ya nuna wata hanya a fim ɗinsa '76, wanda ya fita a 2016: ya bi yunƙurin juyin mulkin Dimka da kisan Murtala ta gidan wani ƙaramin hafsa da matarsa mai juna biyu. Ojukwu ya nemi haɗin kan soja don samun bariki, amma shugaban bai zama tauraro ba, don haka babu wanda aka wanke. Daraktan da ke Kano, in ya so, Maigatari tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota.