Ƙwallon kwando ba tare da ƙwallo ba: ko wasan Draft Day Sports ya cancanci kuɗinsa?

Wanda ya sayi Draft Day Sports: College Basketball da zaton zai riƙa tsalle yana zura ƙwallo a kwando zai yi nadamar kuɗinsa tun daren farko. A cikin wannan wasa na kwamfuta, wanda wani ƙaramin kamfanin Amurka mai suna Wolverine Studios yake fitarwa kusan kowace shekara, hannun mai wasa ba ya taɓa ƙwallo ko sau ɗaya. Abin da ake ba shi kujerar mai horar da ƙungiya ce, da kasafin kuɗi, da jerin sunayen samari, da shafuka cike da alƙaluma. Idan lokacin karawa ya zo, sai ya ga zanen fili mai sauƙi da ƴan alamomi suna kai da komowa, rubutu kuma yana gaya masa wanda ya jefa da wanda ya ɓarar. Waɗanda suka san Football Manager sun riga sun san irin gidan da ake magana a kai, sai dai wannan ya fi ƙunci, kuma kayan adonsa kaɗan ne.

Kafin a yanke masa hukunci, akwai kalmar da ya kamata a warware, domin tana yaudarar duk wanda ya yi karatu da faransanci. Abin da Amurkawa suke kira college ba shi ne kwalejin da ake shiga bayan firamare ba. Jami'a ce, kuma ƴan wasan samari ne masu shekara 18 zuwa 22 ko sama da haka kaɗan. Hukumar NCAA ce take tsara gasarsu, a rukuninta na farko kuwa akwai jami'o'i sama da 350. A watan Maris ake zaɓar waɗanda za su shiga babbar gasar ƙasa, wadda aka ƙara yawan ƙungiyoyinta zuwa 64 a 1985, sannan zuwa 68 a 2011. Faɗuwa ɗaya ce, wanda aka kayar ya koma gida. A 2010 gidajen talabijin na CBS da Turner suka amince su biya dala biliyan 10.8 domin nuna gasar tsawon shekara 14. Wannan ita ce duniyar da wasan yake kwaikwayo, kuma wanda bai riƙe adadin nan a ransa ba zai ɗauka labarin wasannin makaranta ake ba shi.

Mai wasa yana ƙirƙirar mai horarwa, ya raba masa baiwa tsakanin iya kai hari, da tsaro, da gane gwani, da shawo kan mutane. Hanyar da ta fi ma'ana ita ce ya fara daga ƙaramar jami'a wadda ba ta da suna, inda shugabanni za su gindaya masa buƙatunsu na shekara. Idan ya cika su, manyan makarantu za su fara nemansa. Idan ya gaza, a sallame shi. Tsarin atisaye, da zaɓen biyar ɗin da za su fara, da ɗaukar mataimaka duk suna nan, an kuma yi su daidai gwargwado, ba abin da za a tsaya a kai.

Inda wasan yake da rai shi ne neman sababbin ƴan wasa. A ƙa'idar da aka daɗe a kanta, jami'a ba ta sayen ɗan wasa kamar yadda kulob yake yi a Turai, sai dai ta lallashe shi. Kowace shekara ana zubo wa mai wasa ɗaruruwan sunayen yaran lise, kowane da abin da yake so: wannan ba ya son yin nisa da gida, wancan yana son a tabbatar masa zai shiga fili tun shekarar farko, wani sunan makaranta ne ya dame shi, wani kuma ingancin karatu. Ana kiran waya, ana zuwa kallon yaro, ana gayyatarsa ya ga jami'a, ana ziyartar gidansu, kuma kowane mataki yana cin kuɗi daga jakar da ba ta da zurfi. Abin da ya ƙara wa lamarin daɗi shi ne rahoton da mataimaka suke kawowa ba gaskiya ce tsantsa ba. Mataimaki mai rauni zai yabi yaron da ba shi da komai, ya raina wanda zai zama gwani. Sai mutum ya kwashe watanni yana bin yaro ɗaya, a mako na ƙarshe babbar jami'a ta ɗaga yatsa ta ɗauke shi, shi kuma ya koma yana tsintar waɗanda kowa ya bari.

Malamin makaranta zai gane wani abu a nan wanda mai sha'awar wasa kawai ba zai lura da shi da wuri ba. A tsarin da aka saba, shekara huɗu ɗan wasa yake bugawa a jami'a, daidai da zaman yaro daga siziyam zuwa turwaziyam. Ana karɓarsa ɗanye, ana gyara shi, ranar da ya nuna kuma ita ce ranar tafiyarsa. Wanda ya fi kowa ma ba ya jiran wa'adin, yakan tafi neman shiga NBA tun da wuri. Saboda haka babu ƙungiyar da take dawwama, kuma mai horarwa da ya manta da ajin da ke tafe domin murnar ajin da ke hannu zai wayi gari da fili babu kowa. Wasannin kulob na manya ba su da wannan ɗaci, domin can ana iya riƙe gwani shekara goma da ƙarfin aljihu. Wannan juyi na shekara huɗu shi ne babban abin da ake saye idan an sayi wasan, kuma kamfanin ya kama shi da kyau.

Gasar Maris ma ta fito da kamanninta. A 2018 jami'ar UMBC, wadda aka sa a matsayi na 16 a rukuninta, ta doke Virginia mai matsayi na farko da ci 74 da 54, abin da bai taɓa faruwa a gasar maza ba. Shekara ɗaya bayan haka Virginia ɗin ta ɗauki kofi. Wasan kwaikwayo irin wannan yana tsayawa ne a kan ma'auni mai wuya: idan babba yana cin ƙarami kullum, ba a yi Maris ba, idan kuma ƙarami yana cin babba kowane mako, an koma caca. Draft Day Sports yana barin ƙofar mamaki a buɗe kaɗan, yadda aikin shekara guda zai iya rushewa cikin minti 40 domin hannun yaro ɗaya ya yi sanyi. Mai son lissafi zai sami abin koyarwa a nan game da kaso cikin ɗari da yiwuwar aukuwar abu.

Aibobinsa na fili ba su da wuyar lissafawa. Da Ingilishi kaɗai yake magana, Ingilishin ma na filin wasa, cike da gajerun haruffa da ba a koyarwa a aji. An yi shi domin kwamfuta mai Windows. Shafukansa suna da cunkoso, saƙonnin da ƴan wasa da ƴan jarida suke aikowa kuma sukan maimaita kansu bayan shekara biyu ko uku na cikin wasa, har mutum ya daina karanta su. Sabon fitowar kowace shekara gyare-gyare ne a kan tsohon gini.

Aibin da ya fi waɗannan nauyi yana wurin da masu karanta wannan mujalla suka fi damuwa da shi. Wasan na jami'a ne, amma babu aji a cikinsa. Karatun yaro lamba ce kawai a gefen sunansa, kuma aikinta ɗaya: idan ta yi ƙasa, yaron ba zai shiga makarantar ba, ko a dakatar da shi daga fili. Wato ilimi ya zama shinge da ake tsallakewa domin a kai ga ƙwallo. Ba a san abin da yaron yake karanta ba, ba a san ko ya fita da digiri mai amfani ba, kuma mai horarwa ba ya samun yabon da ya kai na cin kofi domin ya yaye ɗalibansa. Ana iya kare kamfanin da cewa abin da ya gani ya zana. NCAA da kanta sai da ta ƙirƙiro ma'aunin ci gaban karatu domin tilasta wa jami'o'i, har ta hana Connecticut, wadda ta ci kofi a 2011, shiga gasar 2013 saboda raunin karatun ƴan wasanta. To amma madubi da ya nuna tabo bai ce tabo ba ne, kuma yaron da ya zauna gaban wasan shi kaɗai zai tashi da darasin cewa ɗalibi mai ƙwazo a aji shi ne wanda ba ya jawo matsala, shi ke nan.

Akwai kuma abin da mai saye zai lura da rashinsa nan take: sunayen gaskiya. Ƴan wasan ƙirƙirarru ne, sunayen makarantu da tambarinsu ma an sauya su, sai dai masu sha'awa sukan haɗa fayilolin da suke mayar da na ainihi. Ƙaramin kamfani ba shi da kuɗin lasisi, amma labarin ya fi haka tsawo. Manyan kamfanoni biyu sun taɓa yin wasan ƙwallon kwando na jami'a: 2K ya tsaya a College Hoops 2K8 na 2007, EA kuma a NCAA Basketball 10 na 2009. A cikin wasannin EA babu sunan ɗan wasa, amma akwai lambar rigarsa, da tsawonsa, da launin fatarsa. Ed O'Bannon, wanda ya ci kofi da UCLA a 1995, yana aikin sayar da motoci a jihar Nebada lokacin da ya ga kansa a allo: lamba 31, bahago, kai a aske, ba a tambaye shi ba, ba a biya shi ko dala ɗaya ba. A 2009 ya shigar da ƙara, a 2014 alƙaliya Claudia Wilken ta yanke cewa dokokin NCAA sun saɓa wa dokar gasar kasuwanci, EA da abokan hulɗarsa da NCAA kuma suka biya ƴan wasa dala miliyan 60 a sulhun da aka yi kan wasannin bidiyo. Ƙirƙirarrun sunayen Draft Day Sports, waɗanda wasu suke ɗauka nakasa, ba su ci haƙƙin kowa ba.

Wannan shari'a ce ta buɗe ƙofar sauye-sauyen da suka sa tambayar wane fitowa za a saya ta zama mai muhimmanci. A 2018 aka buɗe rajistar masu son sauya jami'a. Daga ranar 1 ga Yuli 2021 ɗan wasa ya sami damar cin kuɗi da sunansa da hotonsa. A Yuni 2025 kotu ta amince da sulhun da ya ba jami'o'i izinin biyan ƴan wasansu kai tsaye, har kimanin dala miliyan 20.5 ga kowace makaranta a shekarar farko. Duk fitowar da aka yi kafin 2021 tana nuna duniyar da ta shuɗe, inda lallashi kaɗai yake aiki kuma yaro yakan zauna inda ya fara. Abin lura shi ne tsohuwar duniyar ta fi daɗin wasa, domin juyin shekara huɗu da aka yaba a sama yana raguwa idan rabin ƙungiya na iya tashi kowace bazara. Mai neman nishaɗi ba ya asara da tsohon fitowa mai araha. Mai son fahimtar Amurka ta yau dole ya duba ko wanda zai saya ya shigar da sababbin dokokin.

Ga ƙungiyoyin matasa akwai wani dalili na daban. Hakeem Olajuwon ya bar Legas zuwa jami'ar Houston a 1980, Joel Embiid na Kamaru ya buga wa Kansas a kakar 2013 zuwa 2014, kuma tun daga irin waɗannan labarai kowane dogon yaro a Afirka ta Yamma yana da wanda yake gaya masa Amurka tana jiransa. Shekara uku a kujerar mai horarwa suna nuna lamarin daga ɗaya gefen tebur. Yaron da yake ganin kansa tauraro suna ɗaya ne cikin ɗaruruwa, ana auna shi, ana ajiye shi idan wani ya fi shi. Ƴan wasan rukunin farko sun haura 5,000, alhali NBA kusan mutum 60 take zaɓa a shekara, cikinsu har da waɗanda ba su bi ta jami'a ba. Abin da wasan ba ya nunawa shi ne bizar ɗalibi, wadda take taƙaita wa baƙo aikin samun kuɗi a Amurka, ta yadda yawancin cinikin suna da hoto da abokansa suke yi shi ba ya iya yinsa cikin sauƙi.

Saboda haka wasan ya cancanci kuɗinsa ga mutum iri ɗaya: mai haƙuri, mai jin Ingilishi ko mai niyyar koyonsa da ƙamus a gefe, wanda jadawalin alƙaluma ba ya gundurarsa. Ƙungiyar da take da kwamfuta ɗaya a ɗakin karatunta za ta iya sayen kwafi ɗaya ta yi shekaru da shi, da sharaɗin malami yana kusa domin ya faɗi abin da wasan ya yi shiru a kai. Sayen sabo kowace shekara ɓarnar kuɗi ce. Wanda yake shakkar ko irin wannan wasa zai karɓe shi yana iya gwada Basketball GM, wanda kyauta ne a intanet, ko da yake na ƙwararru ne, babu neman yaran lise a cikinsa. Ana biyan Draft Day Sports ta intanet, don haka sai da katin banki mai aiki a waje. Kantin Steam yana mayar da kuɗi cikin kwana 14 idan ba a wuce awa biyu ana wasa ba, awa biyu kuwa ba su isa a gama kaka ɗaya a natse ba. Gara mai gwaji ya bar karawar, ya nufi shafin neman ƴan wasa kai tsaye, ya zaɓi yara biyar, ya bi su har ya ga wanda zai amsa.