Keken tsere a ƙasar rairayi

Ƴan uwa ɗalibai, tun da wani abokinmu ya harhaɗa keken tsere da kayan da ya sayo a Yamai, samarin Filinge ba su da zance sai nasa, har wasu sun fara tara kuɗi. To, ni na hau shi.

A kan kwaltar da ta nufi Balleyara, wallahi ba a magana. Ka duƙa, ka kama ƙahon ta ƙasa, sai ka ji kamar ana tura ka. In gudu ya ninka biyu, turjiyar iska ninki huɗu take yi. Shi ya sa aka sirantar da komai, har wayoyin birki aka ɓoye cikin jikin keken. Ga shi sakayau, kusa da kilo 6,8 ɗin da hukumar UCI ta hana keken gasa ya gaza.

Amma mu nan Kurfai, iska ce babbar matsalarmu? Ina barin kwalta, taya mai faɗin milimita 25 ta nutse cikin rairayi, sai jan keke da hannu. Ƙafafun nan masu faɗin baki kuwa, iskar hunturu na bugun su ta gefe sai kan keken ya nemi ƙwacewa. Ƙayar aduwa ɗaya ta ishe shi, kuma bakin tiyub ɗin siriri ne, famfon mai faci bai kama shi. Ba wurin ɗaura jarka, ba wurin goya ƙane zuwa lakwal.

Don irin su Tour du Faso aka ƙera shi. Mai zuwa ƙauye ɗauko gero ranar hutu, tsohon Phoenix ɗin babansa ya fi masa.